Daga Darar Dakarkari Zuwa Tikitin Caca: Yaya Ake Auna Gwaninta?

Gaisuwa ga mutanen Zuru da Dabai da Rikoto da Senchi, da na Ribah da Wasagu da Mahuta da Dirin Daji, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a bisa hanya. Yau a kan wasa za mu tattauna. Kada wanda ya ji an ce wasa ya murɗa akwatinsa, domin a cikin zancen akwai lissafi, akwai kuɗin 'ya'yanmu, akwai kuma wani gado na ƙasar nan da baƙi suka rubuta a littafi, mu masu shi muna wuce shi a gindin bishiya ko waiwaye ba ma yi.

A shekarar 1960 wani likita a Birtaniya mai suna R. C. Bell ya wallafa littafi da ya tattara wasannin zaune na al'ummomin duniya, tun daga na tsohuwar Masar har na Indiya da Sin. Da ya zo kan dara, sunan mutanen da ya rubuta shi ne Dakarkari, wato Lelna, mutanen wannan ƙasa tamu. Littattafan da suka biyo bayansa suka ɗauka, suka ruwaito cewa gwanin dara mutum ne mai daraja a nan, cewa zakaru kan bi ƙauyuka suna neman abokin karawa, kuma uba kan bar wa ɗansa sirrin wasan. Yau duk wanda ya nemi dara a intanet zai tarar malaman lissafi a Amurka da Turai suna koya wa yara ita don kaifafa tunani, kuma da wuya a yi bayaninta ba a ambaci Dakarkari ba. Zabarmawa a Nijar suna da ita, dili suke ce mata. Ana yin irinta a Burkina Faso da Mali. Amma sunanmu ne ya shiga littafi.

Ga wanda ya tashi a gaban waya bai taɓa tsugunawa gaban dara ba, ga yadda take a tsarin da ya fi yaɗuwa. Ana tona gida 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gida 6. Mutum biyu ne, kowa da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe tsinkaye, wancan ya riƙe tsakuwa. Da farko dasawa ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin dasawa ba a yarda ka jera uku ba. In an gama, gida 6 kaɗai ya rage babu kowa. Daga nan sai tafiya, taki ɗaya zuwa gidan da ke maƙwabtaka, gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a tsaye ko a kwance ya cire ɗan abokin wasansa guda. A karkace ba ya ci, jeri huɗu ma ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ya kasa haɗa uku, an cinye shi. Dokar ke nan. Yaro ɗan shekara bakwai zai haddace ta kafin shayi ya huce, amma ya yi shekara ashirin bai kai ga dattijon da ya koya masa ba.

To, a majalisunmu akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Ɗan dara ya ce ludo wasan yara ne, sa'a ce zalla. Ɗan ludo ya ce in sa'a ce me ya sa wane ke cinye kowa a layinsu? Ɗan karta ya ce nasa sai mai ƙwaƙwalwa. Sai ga matashi ya zaro doguwar takarda daga aljihu, wasannin ƙwallon Turai goma sha biyar jere, ya ce ai nasa ne ma ilimi, domin ya kwana yana nazarin wa ya ji rauni, wa ke wasa a gida. Kowa yana da'awar gwaninta. Tambayata ita ce, shin gwaninta abu ne da ake iya aunawa, ko kuwa kowa ya yabi nasa a tashi? Amsa ita ce ana aunawa, kuma masana sun bi hanya fiye da ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ƙirga yawan yanayin da wasa zai iya shiga. Mu gwada da dara. Mai fara dasawa yana da gida 30 da zai zaɓa, na biyu 29, na uku 28. Dashe uku kacal, hanyoyi sun kai 24,360. In ka lissafa dukkan yadda za a iya shimfiɗa tsinke 12 da tsakuwa 12 a gida 30, za ka sami sama da tiriliyan 1 da biliyan 600. Dokar hana jera uku za ta zubar da kaso mai yawa daga ciki, amma abin da ya rage ya fi ƙarfin haddar ɗan Adam, kuma wannan kafin a fara tafiya ke nan. Don a sami abin kwatantawa, wasan gida 12 da ƙwaya 48, wanda Yarabawa ke kira ayo, a wasu garuruwan Hausa kuma shi ma dara ake ce masa, wasu masana biyu a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, sun sa kwamfuta ta bi wani nau'insa kaf a 2002, suka sami yanayi sama da biliyan 889. Diraf ƙarami mai gida 64, Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kammala warware shi a 2007, bayan shekara 18 suna aiki, a cikin yanayi da adadinsu ya kai 5 da sifili 20 a gabansa. Darar Turawa da ake kira ces, Claude Shannon ya kimanta hanyoyin buga ta tun 1950 da 1 mai sifili 120. Wasan Go na mutanen Sin da Japan da Koriya kuwa, yanayinsa lamba ce mai harafi 171.

Lambobin suna da ban tsoro, sai dai ni ban gamsu da wannan ma'auni shi kaɗai ba. Ɗauki karta guda 52 ka cakuɗa. Yawan yadda za su iya jeruwa lamba ce mai harafi 68, ta ninka ta diraf nesa ba kusa ba. Amma in wasan shi ne kowa ya ja ɗaya, mai babba ya ci, me za ka koya a cikinsa ko da ka shekara ɗari kana yi? Cacar lambobi da ake zaro 5 daga cikin 90 tana da haɗi 43,949,268, kuma wanda ya fara yau da wanda ya tsufa a kanta daidai suke. Ashe yawan hanyoyi faɗin wasa kawai yake nunawa. Zurfi sai an nemo shi a wurin mutanen da ke bugawa.

Nan ne hanya ta biyu ta shigo, kuma a kanta nake son mu daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Bill Robertie, wanda ya zama zakaran duniya sau biyu, a 1983 da 1987, a wasan bakgamon da Larabawa ke kira nardu, ya kawo ta a mujallarsa a 1992. Ya ce a ɗauko wanda ya fi kowa iyawa a duniya. A nemo mutumin da wannan zakara ke cinyewa sau uku a cikin huɗu. Sai a nemo wani da shi wannan na biyun ke cinyewa sau uku a cikin huɗu. A yi ta sauka haka har a iso kan wanda yau ya koyi doka. Sai a ƙirga mutanen. Yawansu shi ne zurfin wasan.

Ka ɗauke shi kamar tsani, kowane mutum matakala guda. Mu kawo shi gida. Yaron da aka koya wa dara jiya yana ƙasa. Yayansa da ya yi damina biyu yana bugawa zai cinye shi uku cikin huɗu, matakala ɗaya ke nan. Shi yayan, in ya je majalisar bakin kasuwa, akwai tela ko mai faci da zai yi masa haka, matakala biyu. Shi ma telan ya san wani dattijo da in ya zauna gabansa sai ya gyara zama, uku. Dattijon kuma yana da labarin wani baƙo daga wani ƙauye da ya taɓa zuwa ya share kowa, huɗu. Duk mai sauraron da ya san dara ya san ban ƙirƙiri wannan jeri ba, haka abin yake, kuma a kowace matakala akwai wani ilimi takamaimai da na ƙasa bai da shi. Na farko yana kallon ukun da zai haɗa. Na biyu ya fara kallon ukun da za a haɗa masa. Na uku ya gane cewa tun a wurin dasawa ake cin wasa, yana dasa tsinke yana tunanin inda gida shidan nan za su faɗo. Na sama da shi yana gina tarkon da ɗa guda zai riƙa kai da komo yana cika uku a kowane taki, ko ya toshe ka har ka rasa motsin da ba zai cuce ka ba, ka buɗe da hannunka, dara ta ci gida.

A ƙiyasin Robertie, Go ya sami matakala 40, ces 14, Scrabble 10, kartar foka 10, bakgamon 8, diraf ƙarami 8. Cacar lambobi ya ba ta abin da bai kai ko ƙurar matakala ɗaya ba, cacar faifai mai juyawa ta gidajen caca kuma sifili. Ƙiyasi ne na mutum ɗaya, ana iya ja da shi a kan wannan lamba ko waccan, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ingantacce ne. Kuma a ces akwai hujja a rubuce. Wani malamin kimiyyar fiziks ɗan asalin Hungary da ya zauna a Amurka, Arpad Elo, ya tsara yadda ake ba kowane ɗan wasa maki gwargwadon wanda ya ci da wanda ya cinye shi. Hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarin a 1960, ta duniya a 1970. A wannan tsari, wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan 76 cikin 100 na sakamakon karawarku, wato dai uku cikin huɗun nan. Magnus Carlsen na Norway ya kai maki 2,882 a 2014. Tsakaninsa da sabon shiga akwai tazarar da ta haura maki 2,000. Raba da 200, ka ga matakala sun wuce goma.

Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar biro, wanda marubuci Michael Mauboussin ya yaɗa a littafinsa na 2012. Tambayi kanka, zan iya faɗuwa da gangan? A dara za ka iya, kowane uba da ya taɓa sakar wa ɗansa wasa don ya ƙarfafa masa gwiwa ya san haka. A kokawar da samarin ƙasar nan suka yi suna a kanta za ka iya. A ludo za ka iya, ko da yake wani lokaci ƙwaya za ta yi ta ba ka shida har ta kusa hana ka. A cacar lambobi fa? Zaɓi lambobin da ka fi tsana, damarsu daidai take da ta waɗanda ka gani a mafarki. Wasan da ba ka da ikon ɓata shi, ba ka da ikon gyara shi.

Yanzu mu yi wa ɗan ludo adalci, domin yana da gaskiya a wani ɓangare. Ludo jikan wasan pachisi ne na Indiya, an yi masa rajista a Ingila a 1896, kuma yadda muke buga shi a nan da ƙwaya biyu akwai zaɓi a cikinsa. Ƙwaya biyu suna faɗuwa ta hanya 36. A cikinsu 11 ne ke ɗauke da shida aƙalla guda, wato ƙasa kaɗan da ɗaya cikin uku. Shida biyu sau ɗaya ne a cikin 36. Jimillar bakwai ita ta fi kowace fitowa, hanya 6 gare ta. Wanda ya san wannan, ko da a jikinsa ya san shi ba a takarda ba, ya san inda zai ajiye ɗansa da inda ba zai ajiye ba, ya san lokacin gudu da lokacin fakewa. Saboda haka ludo yana da tsani, gajere ne dai. Kuma ga abin lura: sa'a ba ta kashe gwaninta, ɓoye ta take yi na ɗan lokaci. Scrabble akwai jan haruffa daga jaka ido rufe, amma ba sa'a ce ta kai Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ga zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015 ba, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wasanni da dama aka buga a kwanaki, kuma a doguwar tafiya haruffa masu kyau da marasa kyau suna rabuwa kusan daidai tsakanin kowa, abin da ya saura shi ne wa ya fi sanin abin yi da su.

Ga lissafin, kuma ina roƙon mai sauraro ya riƙe shi, domin da shi za mu buɗe maganar tikiti. A ce ka fi abokinka iya ludo kaɗan, kana cin 60 cikin 100. In wasa ɗaya za ku yi, sau huɗu cikin goma shi zai tashi yana dariya. In kuka ce wanda ya ci biyu cikin uku, damarka ta hau zuwa 65. In wasa 21 ne, mai rinjaye ya ɗauka, ta kai kusan 83. In 101 ne, kusan 98. Ƙaramin fifiko, in aka ba shi lokaci, sai ya zama tabbas. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1979 a Monte Carlo wata kwamfuta ta cinye zakaran duniya na bakgamon, Luigi Villa, a gajeriyar karawa, kuma shi kansa Hans Berliner da ya ƙera ta ya yarda cewa ƙwaya ce ta taimake ta, Villa ya fi ta iya wasa. Sai 1997 kwamfuta ta doke Garry Kasparov a ces, sai 2016 ta doke Lee Sedol a Go da ci 4 da 1. Ka ga jerin shekarun ma ya bi tsawon tsanin.

To, ɗan'uwana matashi mai doguwar takarda, zo mu zauna. Ban ce ba ka san ƙwallo ba. Na yarda ka sani, har na ba ka 60 cikin 100 a kowane wasa, kamar yadda na ba gwanin ludo. Bambancin shi ne, shi gwanin ludo rinjaye yake nema a cikin wasanni da yawa, kai kuwa tikitinka yana buƙatar duka su faɗo daidai, ɗaya ya kuskure takarda ta mutu. Wasa biyu, damarka ta sauko 36 cikin 100. Wasa biyar, ba ta kai 8 ba. Wasa goma, 6 cikin 1,000. Wasa goma sha biyar, ɗaya cikin sama da 2,000. Yawan wasanni da ke fito da gwanintar ɗan dara da ɗan ludo, shi ne yake narkar da taka. An gina takardar ne yadda duk ƙarin ilimin da ka zuba, ƙarin layi ɗaya zai shanye shi. Kuma ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci, inda ƙarami ke kada babba fiye da yadda zuciya ke zato. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 bayan kamfanonin caca sun sa mata 5,000 a kan 1. Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Qatar a 2022, Ajantinar da ta zo ta ɗauki kofin. Sannan abin da ka kwana kana nazari, kamfanin ya riga ka saninsa, yana da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da aikin da ya wuce wannan, ya sa shi a cikin farashi, ya kuma cire ribarsa a sama. Ƙwallon na'ura kuwa, wanda ake bugawa a allo a gama cikin 'yan mintuna, babu ɗan wasa a cikinsa balle rauni, lamba ce kwamfuta ke jefawa.

Cacar lambobi ta fi sauƙin tonawa. Ka zaɓi lamba biyu, kana fatan su fito cikin biyar da za a zaro daga 90. Damar ita ce ɗaya cikin 400 da ɗoriya kaɗan. Abin da aka saba biya ninki 240 ne. Ka sa naira 100 sau 400, ka kashe 40,000. A matsakaici sau ɗaya za ka ci, a ba ka 24,000. Sauran 16,000 sun tafi, kuma babu takardar hasashe, babu mafarki, babu tsohon sakamakon da ka manna a bango da zai motsa wannan lissafi, domin ƙwallayen da ke cikin injin ba su tuna abin da ya fito jiya. Abin da ke ci mini rai shi ne irin ƙwazon da ake zubawa a nan. Na ga samari masu kaifin kai suna cika littafi da lambobi, suna neman tsari a inda babu tsari. Rabin wannan haƙuri a gaban dara zai hau da su matakala uku, a gaban littafin lissafi kuwa Allah kaɗai ya san inda zai kai su.

Wannan rabewa tsakanin wasan tunani da wasan jefa ƙwaya tsohuwa ce. Malaman fiƙihu sun tattauna ta ƙarnuka da suka wuce. Mafi yawansu sun tsananta a kan nardu, a kan ces kuma suka saɓa: malaman Shafi'iyya suka sassauta bisa hujjar cewa ita a kan tunani da lissafi ta dogara, Malikawa suka fi tsanantawa. Inda babu saɓani shi ne, da zarar an ɗora kuɗi, wanda ya faɗi ya biya, an shiga caca, ko da wasan dara ne, kuma hanin yana cikin Suratul Ma'ida. Fastocinmu ma ba su gushe suna jan kunnen matasa a kan neman kuɗin da ba a yi wa gumi ba. Dokar laifuffuka da ake aiki da ita a kudancin Najeriya tun zamanin Turawa ta bi wannan layi, ta haramta mafi yawan wasannin ƙwaya da kartar da ba ta gwaninta ba, har ta ambaci cacar wuri da sunanta. A watan Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ma'ana, abin da za a yi da shagunan nan a Zuru yanzu magana ce ta gwamnatin jiha a Birnin Kebbi, kuma ya kamata masu yanke shawara su san lissafin da muka yi yanzu. Wani zai ce ai komai rabo ne. Haka ne, rabo na Allah ne, kuma lissafi bai yi jayayya da wannan ba. Abin da yake nunawa shi ne inda aka bar wa bawa ƙofar ƙoƙari da inda wani ɗan Adam ya toshe ta da gangan don ribarsa.

Sai dai ma'aunin tsani yana da wani sharaɗi, kuma shi ne ya fi damuna game da dara. Mutane ake ƙirgawa. Go ya sami 40 ne saboda an yi ƙarnuka ana rubuta wasanninsa, ana buɗe makarantu, almajiri yana ɗorawa daga inda malaminsa ya tsaya. Ces tana da littattafai dubbai. Diraf babba mai gida 100, irin wanda ake bugawa a tashoshinmu, ya fitar da Baba Sy na Senegal, wanda daga baya aka tabbatar masa da kambun duniya na 1963, kuma wasanninsa suna nan a rubuce, yaro a Dakar zai iya bin su taki bayan taki. Darar Dakarkari fa? Matakalanta na sama suna cikin kawunan dattawa. Ana share gidajen da tafin hannu in an tashi, wasan ya tafi. Duk dattijon da ya rasu bai koyar ba, matakala guda ta karye daga sama, kuma wanda zai zo aunawa bayan shekara talatin zai tarar da tsani gajere, ya ce ai wasan ba shi da zurfi, alhali masu zurfin ne suka ƙare. A Borno an taɓa yin wani nau'in ces a fada, tsatsarandi, wanda Turawa suka rubuta labarinsa a shekarun 1930. Je ka nemi masu buga shi yau.

Wani zai ce tunda kwamfuta na iya warware irin waɗannan wasanni, me ya rage? An warware ayo, an warware diraf ƙarami, duka biyun aka tarar in kowa ya buga ba kuskure canjaras ake tashi. Ba wanda ya daina buga su saboda haka, domin mutum ba ya buga wasa ba kuskure, kuma tazarar da ke tsakanin kuskurenka da nawa ita ce gwanintar da muke magana a kai.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Littafi ne mai layi da biro. A kowace majalisar dara a sami mutum ɗaya ya riƙa rubuta kwanan wata, wa ya kara da wa, wa ya ci. Wata shida ana haka, duk malamin lissafi na sakandare zai iya ɗaukar littafin ya fitar da makin kowa bisa tsarin Elo, mu ga da idonmu matakala nawa ke tsakanin yaran Rikoto da dattawan Dabai. A sa wa gidajen lamba daga 1 zuwa 30, yadda za a iya rubuta wasa sukutum, dashe da tafiya, ko a ɗauke shi da waya daga sama. Dattawa su zauna su daidaita doka guda ta gasa, tunda wani gari yana yarda a cire ɗa daga cikin jerin uku, wani ba ya yarda. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa mana a Zuru a 2020 tana da ɗalibai masu neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida. Masu shirya bikin Uhola kuma, yadda ake ware fili ga kokawa da baje kolin amfanin gona, a ware rumfa guda ga dara, gundumomi su turo gwanayensu. Kada a yi ta da faɗuwa ɗaya a fita, a bar kowane biyu su buga wasa bakwai ko tara, kyauta kuma ta fito daga masarauta ko masu hali, kada ta fito daga aljihun 'yan wasa. Zakaran da ya fito a ɗora masa sharaɗi guda, ya zauna da yara goma ya koya musu dasawa kafin Uhola ta zagayo.